Na je sayen kaktus, aka ba ni mafi daraja a gyara

Tun watan Fabrairun 2023 nake hulɗa da wani lambun renon itace da ke gefen garin nan namu na Damagaram, ɗaya daga cikin masu jera baƙaƙen ledoji a bakin kwalta. Abokai biyu sun tambaye ni ko wurin ya cancanci a je, na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Sunan mai lambun ba zai fito a nan ba, domin akwai inda zan yi ƙorafi, shi kuwa dattijo ne da muke gaisawa da mutunci.

Ƙishirwa ce ta kai ni wurinsa. Bayan na ajiye alli, shekara 31 ina koyar da kimiyyar halittu a kolej da lise, na tare a ɗan gidan da na gina a bayan gari, na dasa mangwaro biyu da gwaiba ɗaya ina mafarkin inuwa. Wanda ya zauna Zinder ya san halin famfo da bazara: sai a kwana uku bai ɗiga ba, kowa ya koma jiran ƴan garuwa. Ranar da uwargida ta same ni ina tuttula bido guda a gindin gwaiba alhali kwanuka na jibge ba a wanke ba, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, in gwaibar ce za ta tuƙa maka tuwo sai ka gaya mini." Kafin damina ta faɗi duka ukun sun bushe. Na ce to, tunda ruwan shekararmu bai cika wuce milimita 400 da ɗan ɗoriya ba, bari in nemi abin da ƙishirwa ba ta kashewa.

Lambun tsaf yake. Dogon yaro, lemun tsami, mangwaro mai aure, zogale, gwanda, kowanne da layinsa, ga kariya tana fure ja a cikin tsofaffin gwangwanaye. Can ƙurya, inda rana ta fi dukan ƙasa, nan mai lambun ya tara abin da yake kira "ƴan ƙaya". Da ya ji aikin da na yi sai ya koma kirana Mushe, kamar yadda ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, a nan, ni kuma ina ce masa Malam. Na ce kaktus nake nema, wato tsiron nan mai ƙaya da kaurin jiki da ke jure ƙishirwa. Ya ce duk waɗannan kaktus ne, in zaɓa.

Na zaɓi uku. Na farko wani dogo ne mai launin kore da ya sirka da shuɗi, jikinsa da kunya-kunya guda shida kamar an yi huɗa daga sama zuwa ƙasa, tsayinsa ya kai ƙuguna. Jika uku ya ce, muka tsaya a jika biyu da rabi. Na biyu shi ma miƙaƙƙe ne, kore shar, mai kusurwa uku, da ƴan ƙananan ganye a gefen ƙayar, jika ɗaya da rabi. Na uku mai faffaɗan tafi ne irin wanda Faransawa ke kira ɓauren ƙasar Barbar, dala ɗari. Ina shirin tafiya ya ɗauko wata leda da wani ɗan icce mai ganye lumshi-lumshi masu sheƙi, kamar na lemo amma sun fi kauri da tsawo, ya ce, "Mushe, ga gyara. Wannan fulawa ce, roz mai ƙaya, ba kaktus ba ce. Ɗana ya zo da reshenta daga wajen Kano, ba mai tambayarta." Yaronsa ya ɗora mini su a adaidaita, bai karɓi ko dala ba.

Ƙorafina na farko, kuma shi ne babba, ya zo bayan wata biyu. Jikata ƴar shekara biyar, wadda nake tsokana da amarya, tana wasa a tsakar gida ta karya reshen mai kusurwa ukun. Farin ruwa ya kwararo kamar nono, ta shafa a hannu, daga baya ta murje ido. Ihun da ta yi har maƙwabta suka shigo. Muka yi ta zuba mata ruwa mai tsabta a idon, sannan muka kwashe ta zuwa asibiti, aka ƙara wankewa aka ba da magani. Kwana biyu idon na kumbure. Allah ya kiyaye, ta warke sarai, amma har yau in ta ga wani abu mai ƙaya a tukunya sai ta ce, "Angona, wannan ma mai nono ne?"

Ba kaktus ba ne na saya. Ɗan gidan su ƙerana ne da tinya da aguwar da muke shinge gonaki da ita, dangin da masana ke kira Euphorbia. Kama da wane ba ta wane. Kunyar da na ji ta fi ta mai lambun, domin ni na sha zana wannan bambanci a allo ina cin gyaran yara. A kan allo abu ne mai sauƙi; a bakin kwalta, ana ciniki ana gaishe-gaishe, ban ko duƙa na duba ba.

Ga yadda ake rabewa, ga wanda zai je saye. Duk wani kaktus na gaskiya ƙayarsa ba daga fatar jikinsa take fitowa kai tsaye ba. Akwai wani ɗan matashi, ɗan tudu mai gashi-gashi kamar an manna ƙullin auduga, daga cikinsa ƙaya ke fita, daga cikinsa fure ke fita, daga cikinsa sabon reshe ke tohowa. Masana na ce masa areyol, kuma a duk tsirran duniya dangin kaktus kaɗai ke da shi. Su ƙerana ba su da wannan matashi. Ƙayarsu bibbiyu take fita kamar ƙahon ɗan akuya, a kan wani tauri mai santsi. In har yanzu kana shakka, soka allura a jikin. Fari kamar nono ya fito, to ka nisanta shi da idon yara. Ruwan jikin kaktus irin waɗanda ake sayarwa a nan garai yake, ko mai ɗan yauƙi. Abin da ya sa suka yi kama shi ne matsala ɗaya suka fuskanta, rana da ƙarancin ruwa, kowanne ya ɓullo da dabara iri ɗaya a nahiyarsa: jiki mai kauri na ajiyar ruwa, ganye ya ragu ko ya ɓace, ƙaya ta kare shi daga bakin dabba. Su kaktus, da nau'insu ya haura 1,500, ƴan nahiyar Amurka ne gaba ɗaya, in ka cire guda ɗaya tak mai suna Rhipsalis baccifera, wanda ke rataye a rassan itatuwa a dazuzzukan Afirka masu ruwa da Madagaska da Siri Lanka. Masu kama da su da muke da su a nan namu ne na gida. Har sunan Euphorbia ma daga Afirka ya samo asali: sunan likitan sarki Juba na biyu ne, wanda ya yi mulki a arewacin Afirka zamanin Rumawa.

Na koma lambun raina a ɓace. Ya saurare ni har na gama, ya yi salati, ya ce wallahi ya san nonon na da zafi, shi kansa ba ya yankan shi sai da leda a hannu, amma bai taɓa kawowa a ransa ya faɗa wa mai saye ba. Washegari sai ga shi a ƙofar gida da ledar lemo ya zo duba yarinyar. Wannan ya rage mini zafi. Amma maganar tana nan: mai sayar da abu mai dafi ga gidan da ke da yara, faɗa ya kamace shi ko ba a tambaye shi ba.

To, ita gyarar fa. Na dasa ta kusa da inda ake alwala, don kawai kada a ce na yar da kyauta. Damina na sauka ta miƙe kamar ana jan ta, cikin watan Agusta ta fitar da furanni tuli-tuli masu ruwan hoda, tsakiyarsu rawaya, kowanne buɗe kamar ɗan faranti. Ina tsaye ina kallo wata safiya sai idona ya sauka a hammatar ganyen, inda ya haɗu da reshe. Ɗan matashin nan ne zaune, da gashinsa, da baƙaƙen ƙayoyi dogaye suna fitowa daga ciki. Na ɗauko tabarau na sake dubawa. Na soka allura, babu nono. Abin da aka ba ni a matsayin fulawa, aka ce ba kaktus ba ce, ita ce kaktus ɗin da na shekara da shekaru ina ba yara labarinta ban taɓa ganin ta ido da ido ba: bishiyar kaktus mai ganye.

A nan zan ɗan daɗe, domin ita ce dalilin da ya sa har yau nake komawa lambun.

Akwai wani ƙaramin rukuni na kaktus, nau'i 17, da ba su yar da ganyensu ba. Itatuwa ne sosai, da kututture da ɓawo da rassa, wasu kuma masu yaɗo suna hawa kan wasu itatuwan, a ƙasashe masu zafi tun daga Meziko da tsibiran Karibiyan har Barazil da Ajantina. Masana na ɗaukar su a matsayin mafi kusa da kamannin kakannin kaktus kafin su koma dunƙulallun abubuwan da muka sani. Da ganyen suke girka abincinsu da rana kamar kowace bishiya, alhali ƴan'uwansu marasa ganye da jiki suke yi, kuma sai dare ya yi suke buɗe ƴan ƙofofin numfashinsu don kada rana ta kwashe musu ruwa. Wannan ba zancen aji kawai ba ne. Ma'anarsa mai ganyen ta fi su shan ruwa nesa ba kusa ba, kuma in ƙishirwa ta matsa mata sai ta zubar da ganyen ta jira. Tawa haka take yi duk hunturu, ta tsaya tsirara sai ƙaya, har uwargida ta taɓa cewa a sare ta a yi makamashi.

Sunan rukunin na asali Pereskia. Wani limamin kirista Bafaranshe mai yawon nazarin tsirrai, Charles Plumier, shi ya raɗa shi a 1703 don girmama wani masani na kudancin Faransa, Nicolas-Claude Fabri de Peiresc, wanda ya rasu tun 1637. Ka lura harafi ɗaya ya faɗi a hanya, Peiresc ya koma Peresk, kuma waɗanda suka yi ƙoƙarin mayar da shi daga baya ba su yi nasara ba, saboda ƙa'idar masanan ita ce yadda aka fara rubuta suna haka zai zauna. Da Linne, masanin tsirrai na ƙasar Suwidin, ya zo tsara sunayen tsirrai a 1753, sai ya tattara duk kaktus ɗin da ya sani ya zuba su a kwando ɗaya ya kira shi Cactus, wato daidai abin da mai lambunmu ya yi a ƙuryarsa. Ita kanta kalmar Cactus aro ce daga Girkanci, sunan wani tsiro mai ƙaya na tsibirin Sisili wanda ba shi da dangantaka da su ko kaɗan. Shekara ɗaya kacal bayan haka, a 1754, Philip Miller na Ingila ya sake rarraba su, ya dawo da Pereskia, ya ware Opuntia masu faffaɗan tafi, ya ware Cereus dogaye, kalmar da ke nufin kyandir a Latinanci.

Tawa ƴar gabashin Barazil ce, kuma a 1819 wani Bature ɗan Ingila, Haworth, ya sa mata Pereskia grandifolia, wato mai manyan ganye. Da wannan suna na san ta a littattafan da na yi karatu da su. Sai a 2005 wasu masana a Amurka suka bi salsalar waɗannan itatuwa 17 ta ƙwayoyin gado, suka gano ashe ba ƴan kaka ɗaya ba ne. Kamar mutanen da aka daɗe ana kira da sunan gida ɗaya don zaurensu ɗaya, ranar rabon gado aka zauna lissafin asali sai aka ga wasunsu sun fi kusa da mutanen wata unguwa a jini. Wasu daga masu ganyen sun fi kusa da dogon kaktus mara ganye a kan maƙwabtansu masu ganye. Har a jiki akwai shaida: kashi ɗaya suna yin ɓawo tun suna ƙanana kuma rassansu ba su da ƙofofin numfashi, ɗaya kashin kuwa suna jinkirta ɓawon, reshen ya daɗe yana kore, matakin farko ke nan na mayar da aikin ganye kan jiki.

Saboda haka aka raba gidan. A 2013 Joël Lodé, Bafaranshe, ya cire nau'i 8, galibinsu na kewayen tekun Karibiyan, ya sa musu Leuenbergeria, sunan Beat Leuenberger, ɗan Suwizalan da ya yi aiki a lambun nazarin tsirrai na Balin, ya ƙarar da shekaru a kan waɗannan itatuwa, ya rasu a 2010. Cikinsu akwai wadda Jamhuriyar Dominika ta ɗauka furen ƙasa a 2011. A 2016 kuma wasu masana biyu ƴan Japan suka sake cire nau'i 5, suka farfaɗo musu da wani tsohon suna da aka daɗe da jinginewa, Rhodocactus. Tawa tana cikin waɗannan, yanzu Rhodocactus grandifolius ake ce mata. Guda 4 kaɗai suka rage a tsohon gida. Abin da ya ba ni dariya ni kaɗai a tsakar gida shi ne ma'anar sabon sunan: rhodon a Girkanci shi ne furen roz. Kaktus mai furen roz. Mai lambun da bai taɓa shiga aji ba ya ce roz mai ƙaya, rabin sunan yana bakinsa.

Na je na ba shi wannan labari a gindin dogon yaro, yana cika ledoji da ƙasa. Ya dakata ya ce, "Tsaya Mushe. Wadda ke da ganye kamar lemo ita ce kaktus, wanda ya yi kama da kaktus kuma ba kaktus ba ne? Su kuma masu ilmin sau nawa suka sake mata suna?" Na ƙirga masa. Ya ce, "To ni da na yi kuskure sau ɗaya kake zuwa mini da faɗa." Muka yi dariya. Daga nan ya kawo wata magana da na tafi da ita gida ina juyawa. Ya ce sunayen Hausa sun fi tausayin mutum. Wanda ya ji bi-ni-da-zugu ya san in ya ci ƴaƴanta likkafani ake masa zance. Wanda ya ji fidda-sartse ya san aikinta. Su kuwa turawa sai su ɗauki sunan wani mamaci su liƙa wa icce, me zai gaya wa uwar da ɗanta ke wasa a gindinsa? Na ce masa gaskiya ne, amma mu ma icce ɗaya wani ya ce dogon yaro, wani bedi, wani dalbejiya, wani maina, ka tsallaka iyaka sunan ya sauya. Na masanan duk wahalarsa ɗaya ne daga nan har Barazil, kuma in ka san Euphorbia ka san nono mai dafi ko ba ka taɓa ganin tsiron ba. Bai yarda duka ba, ni ma ban ja ba.

Akwai ƴar'uwarta da na so a ce ita ɗan nasa ya kawo, Pereskia aculeata, mai yaɗo. A jihar Minas Gerais ta Barazil ganyenta miya ne, kamar yadda muke da zogale, suna kiranta ora-pro-nobis, wato "yi mana addu'a" a Latinancin coci. Amma da na tuna abin da ta yi a Afirka ta Kudu, inda ta tsere daga lambuna ta lulluɓe dazuzzuka har hukuma ta sa ta cikin ciyayin da ake yaƙi da su, sai na ce Allah ya sa hakan ne alheri.

Ƙorafi na biyu shawarar ban ruwa ce. Ya ce mini duka a ba su sau ɗaya a mako, shi ke nan. Wannan ya yi wa mai ganyen kaɗan da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Sai da na koma ba ta ruwan alwala kullum ta murmure. Dogon kuwa ya yi masa yawa. Ƙasar da ya zo da ita taki ya yi mata yawa, ni kuma na ƙara da nawa kuskuren na dasa shi a kwari, ruwan Agusta ya kwanta a gindinsa kwana biyu, gindin ya yi baƙi ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. A nan ne na ga gwanintar mutumin. Ya zo da kansa da wuƙa, ya yanke sama da inda ruɓar ta kai har sai da naman ya fito fari tas, ya barbaɗa toka a bakin yankan, ya ce in jingine shi a inuwa kwana goma kada ruwa ya taɓa shi, sannan in kafa shi a kan tudun yashi da tsakuwa. Haka na yi. Ya kama, yanzu ya fi ni tsayi. Kuɗin aikin da na miƙa masa ya ce in saya wa amaryata alewa.

Shi dogon Cereus ne. Yaron lambun ya ɗauki hotonsa da waya, wayar ta ce Cereus peruvianus, ya zo yana nuna mini da murna. Sunan ya yaɗu a kasuwar furanni ta duniya, amma yaudara ce: tsiron ba ɗan Peru ba ne, kuma masana sun daɗe da jingine sunan. Yana da ɗan'uwa a arewa maso gabashin Barazil, yanki mai fama da fari kamar namu, ana kiransa mandakaru, yana girma ya zama bishiya mai rassa. In fari ya yi tsanani makiyaya kan sare shi su babbake ƙayar su ba shanu. Nawa ya yi fure sau ɗaya daminar bara. Fari ne, faɗinsa ya kai tafin hannuna, ya buɗe bayan sallar isha'i, muka fito da fitila har da maƙwabta, kafin hantsi ya yi yaushi ya rataye. Dare ɗaya ke nan rabonsa.

Mai faffaɗan tafin na tumɓuke shi bayan wata shida. Ba laifin lambun ba ne, halinsa ne. Ban da manyan ƙayoyin yana da wasu ƙanana kamar gashi masu ƙugiya, in suka shiga fata sai ka wuni da hantsaki. Kowane tafi ya faɗi ƙasa kuma sai ya yi saiwa. Irinsa ne suka mamaye makiyaya a yankin Laikipia na Kenya suna raunata bakin dabbobi. Wanda ke da awaki da yara a gida ɗaya ya yi tunani kafin ya kai dala ɗarinsa. Mai nonon kuwa na mayar masa, ya musanya mini da kariya biyu, bayan ya gaya mini da bakinsa, ba tare da na tambaya ba, cewa ita ma ruwan jikinta dafi ne. Na dasa su a waje, bayan katanga.

In an tambaye ni ko a je, ina cewa a je. Shukarsa lafiyayya ce, saiwa cike da leda, ban taɓa samun gara ko ƙwari a abin da na ɗauko ba, farashinsa na da sauƙi kuma yana ragi in ka ɗauki da yawa, bayan ciniki ma ba ya juya maka baya. Hannu yake da shi, irin wanda ba a koyo a lakwal. Abin da babu shi ne suna da gargaɗi, sai ka je da idonka da allurarka, ka duƙa ka nemi ɗan matashin nan kafin ka biya. Da safe ya fi, kafin rana ta take. Ranar Alhamis kuwa sau da yawa yaron kaɗai za ka tarar, shi ya tafi kasuwar Dole, yaron kuma duk abin da waya ta gaya masa shi zai gaya maka.

Zuwana na ƙarshe, makonni uku da suka wuce, na ga ya ɗaura jan ƙyalle a kan kowace leda ta masu nono, ya kuma ware su gefe ɗaya. Ya yayyanka wani tsohon bido ƙanana-ƙanana, muka zauna ni da yaron muna rubuta sunaye muna sokawa a ledojin. Da muka zo kan mai ganyen, wadda yanzu ya cika layi guda da ita daga rassan da ya yanka a gidana, na tambaye shi wanne za a rubuta, Pereskia ko Rhodocactus. Ya ce kada in wahalar da alƙalami, ai tana da suna tuni, masu saye "ta Mushe" suke cewa tun da suka ga tawa ta leƙo ta saman katanga da fure. Na tambayi kuɗinta. Ya ce jika biyu, ba ragi.